Tsuntsun Cikin Akwatin Auta

Ƙarar ta fara ne a wani dare da babu iska babu ruwa. Kamar an ɗiga ruwa a kofin ƙarfe, ɗis, sai wasu 'yan muryoyi sirara suka biyo baya suna hawa, irin na ƙaramin tsuntsu mai gwada maƙogwaronsa. Ta yi shiru, ta sake. Mai Rediyo ya buɗe ido cikin duhu ya kasa kunne. Shekarun da ya kwashe yana gyaran rediyo sun bar masa kunne mai tara ƙara, yadda wasu ke tara tsofaffin kwalabe. Ya san kukan sifikar da ta yage, ya san na wayar da ta kusa rabuwa da dalma, ko firjin maƙwabta ne ya canza gurnani sai ya lura. Wannan kuwa bai taɓa jin ta ba, kuma a gaskiya ta yi masa daɗi.

Matarsa ce ba ta yi wa daɗi ba. Ita Mai Ɗinki ake ce mata a layin, barcinta kuma kamar na kaza yake, ko cokali ya faɗi a kicin ta farka ke nan sai gari ya waye.

"Malam, me ke kuka a falo?"

"Shi nake saurare."

"Saurare na ce ka yi? Tashi ka duba."

Ya laluba takalmi ya fita. A falon akwai dogon tebur jikin taga, rabi nata, inda take shimfiɗa yadi ta zana da alli ta yanka, rabi nasa, inda kwamfutar take zaune. Autarsu ce ta aiko da ita daga garin da take aure, bayan ta sayi ta ɗorawa a cinya. Tsohuwar kwamfuta ce mai akwati a gefe da allo mai kauri, kuma tun ranar da aka sauke ta daga mota Mai Rediyo ya samu abokiyar hira. A cikinta ya ga kifin da ke yawo da fitila a goshi a can ƙarƙashin teku, ya ga wata halitta mai hannu takwas da zuciya uku, har ya kwana yana tunanin wacce daga ciki take jin haushi da ita. Karatunsa na boko bai yi nisa ba, amma ya ishe shi ya haɗa baƙaƙe a hankali ya isa inda yake so. Mai Ɗinki kuwa abu ɗaya ta iya a jikinta: in ta gaji da taka keke bayan azahar, sai ta ja kujera ta buɗe hotunan jikanta, ɗan Auta, wanda take kira mijinta ƙarami, ta yi ta kallo tana yi masa tsiyar kumatu.

Matsalar kwamfutar ita ce nawa. In an kunna ta, sai a dafa shayi a sha a wanke kofi tana nan tana miƙa. Shi ya sa a ranar ya yanke shawarar ya bar ta a kunne ta kwana, allon kawai ya dushe. Da ya iso bakin teburin ƙarar ta riga ta ɗauke, sai ɗan koren haske a jikin akwatin, kamar idon kyanwa.

Washegari da dare ta sake, haka ma wanshekare.

"Ka kashe ta mana," in ji Mai Ɗinki, tana zare zare daga bakinta da safe, idanunta jawur.

"In na kashe ta ai ban san mai kukan ba."

"To ka rage mata murya."

"Tsohuwa, tunda nake ban taɓa mayar wa mutum rediyonsa da ciwo a ɓoye a ciki ba. In na toshe mata baki ciwon na nan."

Ta ajiye almakashi ta dube shi ta saman tabarau. "To ka ji nawa. Na karɓi ɗinkin kayan 'yan makaranta, yadin na kan hanya. Ranar da ya iso ina son barcina, ina son teburina. Abin da sai an kashe shi ake runtsawa, in an kunna kuma a yi rabin yini ana jiransa, ba shi da wurin zama kusa da almakashina. In ta yi hankali kafin nan, ta zauna. In ba ta yi ba, ga kwalinta can a kan sif, ban yar ba."

"Hotunan mijin naki fa?"

"A wanke mini su a takarda. Takarda ba ta kuka."

Ya ɗaga kai ya kalli kwalin. Da gaske yana nan, da igiyarsa a naɗe a kai.

Shagon Injiniya yana bayan tashar mota, tsakanin mai facin taya da wata mai sayar da labule. 'Yar wani tsohon abokinsa ce, tun tana rarrafe take wasa da matattun batura a ƙarƙashin bencinsa, yanzu ga ta da furfura ɗaya-ɗaya tana gyaran kwamfutoci. Shagon cike yake da akwatuna a buɗe, hanjinsu a waje, da warin dalma wanda Mai Rediyo ya tsaya a bakin ƙofa ya shaƙa kamar turare.

"Kawu, yau kai ne da kanka? Me ya lalace?"

"Ba abin da ya lalace. Wani abu ne ke waƙa."

Ya tattara leɓe ya yi mata fito, ɗis ɗin da muryoyin da ke hawa. Ta yi dariya har ta ajiye abin da ke hannunta.

"Ai duk kusan haka suke yi, Kawu. Zo ka gani." Ta juyo masa da wani allo, ta buɗe wurin saituna, ta nuna masa wani dogon jeri, kowane suna da ɗan hotonsa a gefe. "Duk waɗannan manhajoji ne da kwamfuta ke zuwa da su tun daga kamfani. Ba kai ka sa su ba, ba Auta ba. Wasanni ne, da na labarai, da na yanayi, da mai son ta sayar maka da waƙa, da wata mai jiran ka yi magana ta amsa. Kana kunnawa su ma su tashi, kowa ya miƙa hannu cikin kwano. Shi ya sa take nawa. A cikinsu ne wani ke maka fito."

Mai Rediyo ya matso da fuska. "Wato kamar ka kama hayar gida, ka shiga da kayanka, ka tarar kowane ɗaki da mutum a kwance."

"Kuma kai ke ciyar da su."

"Ikon Allah. Su waye iyayensu?"

"Bar wannan, Kawu. Kawo ta gobe, ina da wata manhaja a filash, 'yar ma'ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, ya share su gaba ɗaya kafin ka gama gaisawa da mai faci."

Ya girgiza kai. Shi a sana'arsa ba a haka. In rediyo na wata ƙara, daga eriya ake farawa a bi hanya har sifika: a cire abu ɗaya, a rufe, a saurara. In ƙarar na nan, wanda aka cire ba shi da laifi, a matsa gaba. Wanda ya zazzage komai lokaci guda ƙarar za ta tafi, amma zai mutu bai san mai yin ta ba.

"Kai dai so kake ka san sunansa," ta ce.

"Mutum ya yi ta maka waƙa a gida ba ka san shi ba?"

Ta ga ba za ta ci nasara ba, sai ta koya masa. A danna sunan, wani maɓalli zai fito mai cewa a cire, a danna, a sake tabbatarwa. Wanda maɓallinsa ya yi toka-toka kuwa ginshiƙin gida ne, ko an danna ba zai motsa ba, kada ya yi faɗa da shi. Ta sa ya gwada da hannunsa har ɓeran kwamfutar, abin dannawar nan, ya daina zille masa.

Har ya kai ƙofa ya juyo. "In na cire, ina suke zuwa?"

"Babu inda suke zuwa. Babu su ne kawai."

"A'a. Dole akwai inda suke faɗawa."

"To in ka gano ka zo ka faɗa mini."

Wannan magana ta bi shi har gida. Tunda yake bai taɓa cire ko noti daga jikin rediyo ya rasa inda ya ajiye ba. Yana da wani tiren ƙarfe mai fentin furanni da ya koɗe, a kansa yake jera duk abin da ya kwance, daga hagu zuwa dama, na farkon fita shi ne na ƙarshen komawa. Tun da hannunsa ya fara rawa ya rufe shago, tiren ke jingine bayan sif. Ya ciro shi ya goge, ya ajiye gefen akwatin kwamfutar, ya jawo gwangwanin tarkacensa.

Wasan karta ya fara cirewa. Ya danna, ya tabbatar, wani ɗan layi ya ja jiki ya wuce, sunan ya ɓace, na ƙasa ya hau wurinsa kamar ba a taɓa yin wani a nan ba. Abin ya ɗan sosa masa rai. Ya zaɓi wani jan maɓallin riga daga cikin gwangwani ya aza a kusurwar tire.

"Wannan kuma fa?" in ji Mai Ɗinki.

"Ɗan karta ne. Na sallame shi."

"Maɓallina ne dai."

"Aro na yi."

Da dare tsuntsun ya yi kukansa. Da safe Mai Rediyo ya nemi afuwar jan maɓallin a zuci, ya matsa gaba. Mai labarai ya fita, aka aza masa ƙonannen fis, don shi kullum labarinsa na gobara ne da faɗa. Mai yanayi, wanda ke cewa za a yi ruwa a wani gari da ba nasu ba, ya samu shuɗin dutsen ado. Matar nan mai jiran a yi magana ta amsa, sai da ya yi mata sallama da baki kafin ya danna, ya aza mata 'yar ƙararrawar keken yara. Da ya ga yadi na iya isowa kowane lokaci, sai ya koma sallamar biyu ko uku a yini, amma bai fasa jera su bi da bi ba.

Wani abu ya fara faruwa da bai zata ba. Kwamfutar ta soma sauƙi. Fankar cikinta da ke huci kamar mai hawan tudu ta koma numfashi a hankali, ɓera na taɓa abu ya buɗe. Shi kansa ya fara jin daɗin aikin, irin daɗin share tsakar gida da sassafe. Yakan zauna ya dubi jerin yana gajarta, ya dubi tiren yana cika, ya ji kamar ya ɗauko mutanen daga wani wuri mai duhu ya zaunar da su inda iska ke kaɗawa. Wani lokaci yakan yi tunanin ko shi ma haka aka yo shi, da abubuwan da bai roƙa ba: tsoron kare, da son ƙarar ruwa a kwano, da waƙar tallar wani sabulu da aka daina yi tun yana saurayi amma har yau tana tashi a kansa in yana wanka. Da akwai jeri, da ya duba ya ga wanne ne maɓallinsa ya yi toka-toka.

Taswira ce ta ba shi wahala. A cikinta yakan bi bakin teku da ɓera har ya ɓace, ya tsaya kan wani tsibiri mai siffar takalmi ya yi ta tunanin wa ke gyara musu rediyo. Ya tsallake ta, ya dawo, ya sake tsallakewa. Daga baya ya ce aiki aiki ne, ya cire ta, ya aza mata allurar wani tsohon kamfas mai nuna arewa. Agogo kaɗai ya bari da gangan. A ganinsa agogo ba baƙo ba ne, ɗan gida ne, kuma yana tsoron in ya taɓa shi ɗan lokacin nan da ke kusurwar allo zai tafi, kwamfuta ta rasa safe ta rasa yamma.

Da la'asar yakan fita benci ƙofar gida, inda maƙwabcinsu Direba ke zama. Direba ya yi shekaru yana jan doguwar mota, yanzu shi kaɗai ne a gidan da ke manne da nasu, 'ya'ya sun watse, matar ta rasu. Bango ɗaya ya raba falon Mai Rediyo da ɗakin kwanan Direba.

"Mai Rediyo, kwana biyu ka yi wuyar gani. Ko amarya aka yi mana ba labari?"

"Wace amarya, ana neman korar wadda ke akwai."

"Ni dai dare ne ke ba ni wahala. Wanda ya saba kwana a kan hanya, in ya kwanta sai ya ga daren ya ƙi tafiya. Ba fitilar mota, ba kowa."

Mai Rediyo ya so ya ba shi labarin kukan, sai ya ji kunya a ce mai gyara guda ya kasa kama ƙara a falonsa. Ya mayar da hirar kan kifi mai fitila, Direba ya ce ƙarya ne, wa ke canza masa batir.

Ranar da abin ya ɓaci, da safe ya iso kan wata manhaja mai hoton tsauni da rana. Ya gane ta hotuna ce. Ya ɗan yi jim, sai ya tuna a rediyo in ka cire ƙwan da ke haska lambobin tasha, tashoshin na nan, duhu kawai za ka lalube su. Don ya tabbatar, bayan ya cire ta ya leƙa jakar da hotunan jikan suke, ya ga sunayensu a jere, ba wanda ya ɓata. Bai danna ko ɗaya ba. Ya aza gilashin wani karyayyen tabarau a tire, ya tafi aski.

Da ya dawo gidan shiru, keken ɗinki ma shiru. Abincinsa na kan tabarma a rufe. Kwalin nan ya sauko daga kan sif, yana tsakiyar falo a buɗe, Mai Ɗinki na durƙushe tana naɗe wayoyi. Allon ya riga ya shiga.

"Tsohuwa, lafiya? Yadin ya iso ne?"

Ba ta ɗago ba. "Ka ci abincinka."

"Me ya faru?"

"Na danna yaron nan, bai fito ba. Na danna wani, bai fito ba. Duk sun zama farar takarda, wani rubutu na fitowa yana tambayata abin da ban sani ba." Ta ɗaure wayar da ƙyalle, ta ja da ƙarfi. "Ka sallami ɗan karta, ka sallami mai ruwan sama, ban ce komai ba. Har da na ranar da ya fara zama, Malam. Auta ta ce wayar da ta ɗauka da ita ta faɗa ruwa, nan kaɗai suka rage."

Da ta yi faɗa da ya fi masa sauƙi. Ya tsaya da hularsa a hannu, sabon askin na masa sanyi a ƙeya. Ya dubi tiren, ya dubi gilashin tabaran a ƙarshen layi.

"Suna nan," ya ce. "Fitilar na cire."

"Wace fitila?"

"Kada ki ɗaure kwalin. Ki ba ni zuwa la'asar."

Bai taɓa abincin ba. Ya tafi bayan tasha da saurin da ya manta yana da shi, ya tarar da Injiniya na cin nata abincin a kan wani mataccen akwati. Ta saurare shi, ta rufe kwano, ta ɗauki jakarta ta ce wa mai labule ta duba mata shago.

A falo ta gaida Mai Ɗinki har ƙasa. "Inna, a ba ni aron kwalin nan na ɗan lokaci." Ta fito da allon, ta mayar da wayoyi, ta danna maɓalli. Kafin Mai Ɗinki ta gama gyara ɗankwali kwamfutar ta tashi tsaf.

"Au," in ji Injiniya. "Kawu, ai ka yi aiki. Da can ba sai an yi mata addu'a ba?"

Hankalin Mai Rediyo na kan tire. Ya ɗauko tiren da hannu biyu ya ajiye gabanta, ya bi layin da yatsa yana kiran sunan kowa, har ya zo kan gilashin. "Wannan ne na ƙarshen fita. Shi za a fara mayarwa."

Ita tun a shago ta san abin da za ta mayar, amma ta bi yatsan nasa har ƙarshe ba ta katse shi ba. Ta haɗa kwamfutar da intanet ɗin wayarta, ta nemo manhajar hotunan, ɗan layin nan ya ja jiki, wannan karon yana cika. Ta ɗauki gilashin daga tire ta sa masa a tafin hannu.

"Inna, zo ki danna da kanki."

Mai Ɗinki ta goge hannu a zani ta danna. Sai ga mijinta ƙarami ya cika allo, zaune cikin matasan kai, ya karkace gefe guda, miyau na zuba. Ta danna na gaba, ta danna na gaba. Ta ja dogon numfashi.

"Ji kumatu kamar an hura," ta ce a hankali. Sannan ta juya. "Amma kukan na nan. Jiya ma ya yi."

Injiniya ta buɗe jerin. Ya zama gajere, yawanci masu maɓallin toka. Ta bi shi da ido ta tsaya. "Kawu, wannan fa? Ya aka yi ka tsallake shi?"

"Agogo ne. Me agogo ya yi?"

"Wannan ba shi ne na kusurwa ba. Wannan mai ƙararrawa ne."

Ta buɗe shi. A ciki akwai ƙararrawa guda ɗaya, an saita ta can tsakiyar dare, ta riƙa bugawa kullum. Ta taɓa wani wuri, sai ga shi da rana tsaka, ɗis, da 'yan muryoyin suna hawa. Mai Rediyo ya zauna a hannun kujera. Duk mutanen da ke kan tire ba su da laifi.

"Kai da ka tsufa kana kama ƙara," in ji Mai Ɗinki, "ashe ɓarawon na zaune a kujerar maigida."

"To wa ya saita?" ya ce. "Ni ban saita ba."

Mai Ɗinki ta ɗauko 'yar wayarta mai maɓallai ta kira Auta, ta sa a sifika. Bayan gaisuwa ta ce wa Injiniya ta sake bugawa. Sai dariya ta ɓarke a can ɓangaren.

"Inna, a ina kuka tono wannan? Ai na manta da ita. Ta lokacin jego ce. Kin tuna an haife shi ɗan mitsitsi, likita ya ce kada a bar shi ya yi dogon barci bai sha ba, shi kuma ba ya kuka. Babansa na aikin dare, ni kuma kin san barcina, nauyi gare shi. Wayata ina kashe ta cikin barci ban sani ba, sai na sa a kwamfuta, don dole in taka in je. Na zaɓi mai taushi don kada ya firgita."

Mai Ɗinki ta ƙura wa wayar ido. A lokacin haihuwar tana kwance an yi mata aiki a ƙafa, ba ta samu zuwa ba sai da yaron ya yi wayo, kuma ba ta cika son a tuna mata ba.

"Ke kaɗai kike tashi?" ta ce daga baya.

"Ni da tsuntsuna. Inna, ya wuce fa. Ga shi nan yana fasa mini kofuna."

Da aka kashe wayar, sai Injiniya ta tambaya ko a cire agogon gaba ɗaya, ko a kashe ƙararrawar kawai. Mai Rediyo ya buɗe baki, ya ga ba shi ake kallo ba, ya rufe.

"Sake buga mini sau ɗaya," in ji Mai Ɗinki.

Aka buga. Ta saurara har ƙarshe, kanta a sunkuye.

"Kashe ta, 'yata. Yaro na ci da hannunsa, uwarsa ta huta. Amma bar agogon inda yake."

Mai Rediyo ya yi gyaran murya, ya tura allurar kamfas gaba da ɗan yatsa. Injiniya ta yi murmushi ta mayar masa da taswirarsa. Sauran ya ce a bar su a tire, sun fi samun iska a nan.

Daren ya wuce shiru, na bayansa ma haka. Mai Ɗinki ta yi barci har da minshari, abin da ta musanta da safe. Shi ne ma ya farka a daidai lokacin, ya kwanta yana jiran abin da ya san ba zai zo ba, har barci ya sake ɗauke shi.

Yadin 'yan makaranta ya iso a bayan babur, dami biyu, shuɗi da fari. Mai Rediyo na zaune a rabinsa yana bin wani kogi a taswira, amma rabin idonsa na kan kwalin, wanda har yanzu ke jingine a bango. Mai Ɗinki ta shimfiɗa yadi, ta ga ya ɗan hau kan iyaka, ta tura tiren gaba kaɗan da gwiwar hannu, ta ɗauke jan maɓallinta ta jefa a aljihu. Sai ta jawo kwalin, ta taka shi ya baje, ta zana wuyan riga da hannun riga a jikinsa da alli, ta sa babban almakashi ta yanka. Da su za ta riƙa auna yadin.

"Kwali mai kyau," ta ce ba ta dube shi ba. "In ƙyalle ya ragu zan ɗinka wa abokiyar taka riga, ƙura na cinye ta."

Ya ce to. Ya nemo wani maɓallin, baƙi, ya aza wa ɗan karta.

Da la'asar suka fito ƙofar gida su biyu, ita da hannun riga tana ƙarasa bakinsa da allura, shi da kofin shayi. Direba na kan benci, idanunsa sun faɗa kamar wanda ya kwana a hanya. Aka gaisa, aka taɓa zancen tsadar taya da ciwon gwiwa. Can ya juya kofinsa a hannu, ya dubi bangon da ya raba gidajen.

"Ni kuwa in tambaye ku. Ɗan tsuntsun nan da kuke kiwo a falo, mai kuka in dare ya raba. In na ji shi nakan ce to, ga wani ma ido biyu, sai in juya in samu barci. Kwana biyu ban ji shi ba. Sayar da shi kuka yi, ko tashi ya yi?"

Allurar Mai Ɗinki ta tsaya a cikin yadi. Mai Rediyo ya dubi cikin kofinsa, sannan ya dubi matarsa.